'Yar Riskuwa Ba Ta Cikin Inshora

Tungar Gawo, Argungu
Watan Mayu

Zuwa ga Yayana Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ni'imatullahi da duk mutanen unguwar Gesse. Yaya gwiwar taka? Mu nan alhamdu lillahi. Mujtaba da Ummu Hani suna gaida kawunsu.

Na koma ga biro da takarda ne don kunnenka ya ƙi waya. Ran Juma'a na yi ta ƙwala maka magana har kajin maƙwabta sunka watse, kai ko ba abin da kake cewa sai madalla, madalla. To abin da na faɗa maka ba na madalla ba ne. Zan ba direban motar Birnin Kebbi wannan ya kawo maka, ka sa tabarau ka karanta a tsanake.

Ma'aikacin kamfanin inshora da ka turo ya zo. Taufiq sunansa, mai ladabi ne, har ƙasa ya gaishe ni. Ya tara mu 'yan ƙungiyar manoman fadama a ƙofar gidan Yari, shugabanmu, ya yi bayani dalla-dalla: kowa ya zuba nasa, wanda ruwa ya ci wa gona a ɗebo cikin na jama'a a share masa hawaye. Na ji kuma ka tambayi malamai a Birni, sun ce irin wannan taimakekeniya ce, ba caca ba. Ba ni da ja. Ka biya mana, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara buɗi. Bara da ruwa ya shanye mu, daga sannu ba abin da munka samu wurin kowa.

Sai dai akwai sharaɗin da ba ka faɗa mani ba, ko kuwa ka faɗa ni ce kurmar. Duk gonar da anka rubuta, sabon iri kaɗai za a dasa cikinta, gajeren nan da kamfani ya sani. In an zo dubawa anka tarar da wani iri a ciki, ko kaɗan ne, gonar ta fita. Na ce to, a rubuta gonakinmu na gefen tudu duka, da kasonka da nawa, amma a bar mani Kwarin Baba. Taufiq ya ce hakkina ne. Yari ya haɗe rai kamar na ci masa bashi.

Yaya, ka san abin da zan shuka a kwarin: 'Yar Riskuwa. In ka manta don ka daɗe kana cin farar shinkafa ta buhu, bari in tuna maka. Jar shinkafar nan ce da kakanmu Riskuwa ya zo da ita ƙasar ga, mai bin ruwa. Ruwa ya tashi ta tashi, karanta ya yi tsawon mutum biyu yana kwance bisa ruwa, kanta a sama. Da ita anka yaye mu. Ka kuma san al'adar gidanmu, duk ɗiyar da za a kai ɗakin miji sai an ƙulla mata irin ga a ƙyalle an sa cikin kayanta. Inna ce ta ƙulla mani nawa da hannunta. Na bincika, Yaya, duk zuriyar Riskuwa ba wanda ya rage da ita sai ni. Gwaggonninmu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu sun koma sabon iri, wasu ma sun dafa nasu sun cinye.

Nawa ma shekara biyu ke nan yana kwance cikin tulu da toka a baki. Waccan shekara muna asibiti da Malam, Allah Ya jiƙansa. Bara ina takaba, Mujtaba ya bi shawarar Yari ya dasa sabon iri a kwarin, ruwa ya haɗiye shi ɗungurungum. Ban ga laifin yaron ba. Kwanan nan na ɗebi kaɗan na jiƙa a tsumma don in ga ko da sauran rai, wanda ya tsiro bai kai rabi ba. In bai shiga ƙasa bana ba, baɗi sai dai a watsa wa kaji.

Ga shi an sa auren Ummu Hani bayan kaka. Ba zan kai ɗiyata gidan miji ba ƙulli ba, wannan kam na rantse.

Ƙorafin Yari shi ne jar shinkafa tana zubar da ƙwaya, ruwa ya kwashe ya kai gonakin mutane, masu injin casa kuma in sun ga ja cikin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, sai su karya farashi. Gaskiyarsa ce, ban ce ƙarya yake ba. Na ce masa kwarin bai kusa da gonar kowa in ban da tasa da ke ƙasa da mu, kuma tsakaninmu akwai jigawa. Ya ce ruwa bai san jigawa ba. A haka munka rabu.

Na san kasonka a kwarin ya fi nawa, shi ya sa na rubuto. Amma in gaya maka tun yanzu, izni nake nema, ba shawara ba. In ka ba ni, ranar bikin Ummu Hani zan tuƙa maka tuwon 'Yar Riskuwa da miyar kifi irin ta Inna, ka ci har ka kwance maɓallin riga.

Ka gaida Ni'imatullahi da kyau. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Baiwa


Tungar Gawo, Argungu
Watan Agusta

Yayana Abdussamadu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya. Yaya damina a Birni? Maganin da ka aiko wa Mujtaba ya iso, ya ji sauƙi, yana godiya.

Amsarka ta same ni tun kafin ruwan shuka, na yi shiru ne don ban san ta inda zan fara ba. Ka ba ni izni, na gode, ko da yake ka naɗe shi cikin shafi biyu na faɗa. Ka ce in shuka rabi in bar rabi a tulu, ka tuna mani maganar Baba cewa ba a ba ƙasa iri duka. To Yaya, ban bi ba. Na watsa shi duka, har na kifa tulun na bubbuga gindinsa. Baba yana maganar iri mai rai ne. Wannan rabinsa ya riga ya mutu, in na shuka shi da sauƙin hannu ciyawa za ta danne shi, wanda zan ajiye kuma gawa zan yi ta gadi. Ka yi fushinka, na san ba ya wuce kwana uku.

Da ka ga kwarin yau da fushin ya sauka. Ta fito, ta yi ƙarfi kafin ruwa ya iso, yanzu ruwan yana hawa a hankali tana binsa. Na kafa sanda a bakin kwarin. Kowace safiya in na gama turara shinkafar mutane sai in sa Mujtaba ya kai ni in duba. Ruwa ya ƙaru da tafin hannu, ita ma ta ƙaru da tafin hannu, ganyenta shar bisa ruwa. Wallahi har magana nake yi mata, Mujtaba yana kawar da kai yana dariya. Sabon irin ma na gefen tudu ya yi kyau, ba zan rage masa ba.

Taufiq ya sake zuwa da wata taswira mai launi-launi, ya nuna mana tungarmu cikin ja, wai muna cikin wuraren da sunka fi haɗari. Tsofaffi sunka yi ta dariya. Mu da muke ƙirga shekarun 'ya'yanmu da ambaliya za a zo a shafa wa ja? Kai an sa ka makaranta shekarar Ruwan Masallaci, wanda ya taɓa dokin ƙofar masallacin tunga. Ni an haife ni bayan ambaliyar Mai Tumaki da damina ɗaya. Baba yakan ce a zamaninsu ruwa baƙo ne mai sallama. Masunta su ga ya sake launi, su aiko, a kwashe dabbobi, a ɗaga rumbu, shi kuma ya taho a hankali kamar tsoho mai hawa tudu.

Amma Taufiq ya faɗi wata magana da ta tsaya mani a rai. Ya ce ruwan yanzu ba na kakanninmu ba ne. Akwai madatsun ruwa can sama, in sun cika dole a buɗe ko su fashe, ga gulbin kansa yashi ya cike masa ciki. Abin da dā yake zuwa cikin wata guda yanzu yana iya zuwa rana ɗaya. Da na dawo gida na kasa cin abinci, don na san 'Yar Riskuwa tafiya ta iya, ba gudu ba.

Ka tuna shekarar da iska ta tumɓuke shinkafar kwarin ta kai ta bakin gulbi, kai da Baba kunka jawo ta da jirgi kunka mai da ita? Ni ina ƙarama, abin da na riƙe kawai shi ne ka dawo da matsattsaku a ƙafa kana tsalle kana kiran Inna. Na ba Ummu Hani labarin, ta ce ba ta yarda Kawu na Gesse mai takalmi sau-ciki ya taɓa shiga laka ba.

A sa mu cikin addu'a. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo ruwan da sauƙi.

Taka,
Baiwa


Makarantar firamare ta kan tudu, Argungu
Watan Satumba

Yayana,

Assalamu alaikum. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, dukanmu muna raye, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Na san kun ji a rediyo, na kuma san Ni'imatullahi ta yi ta kira ba ta samu ba, wayar ce ba caji. Yaya jikinka? Kada ka ce za ka taso, hanyar tunga ta yanke.

An yi sanarwa tun farkon mako cewa ruwa na tafe, Yari ya bi gida-gida ya tilasta kowa ya kwashe, Allah Ya saka masa. Munka hau nan makaranta da awaki da tukwanen turarata da kayan ɗakin Ummu Hani. Ran Laraba da hantsi ya iso. Ba sallama, Yaya. Ina tsaye bisa tudu ina ganin fadama kore, kafin azahar ta koma gulbi ɗaya, jajawur, yana tafe da itace da jinkar mutane. Katangar gidanmu ta gabas ta faɗi, ɗakuna suna nan.

Sabon iri ya tafi duka, namu da na kowa. Wannan ban yi mamaki ba. Da ruwan ya ɗan lafa na roƙi Abbas masunci ya kai ni kwarin da jirginsa. Munka yi ta zagaye. Sandata ma ba a ganin kanta. Ba ganye ko ɗaya, ruwa ne shimfiɗe. Abbas ya zura gora har ƙasa ya jawo, ba abin da ya biyo ta sai laka. A cikin jirgin nan na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Malam.

Ka faɗa mani in bar rabi, ban ji ba. In kana so ka rubuto ka ce ai na faɗa, rubuto, zan karanta har ƙarshe. Sai dai ka sani, da za a mai da ni watan Mayu a ajiye mani tulun nan a gaba, abin da na yi shi zan sake yi.

Inshorarka kuwa ita za ta ciyar da mu bana, na faɗa da bakina tun ba ka tambaya ba. Taufiq yana bin gonaki cikin jirgi ɗaya bayan ɗaya, fuska duk ta ƙone da rana, yana ɗaukar hoto yana rubutawa. Tamu ta gefen tudu an riga an duba. Waɗanda sunka ƙi shiga ƙungiya kuwa in ka gan su zaune a barandar aji sai tausayi ya kama ka.

Abin da ya fi ci mani rai Ummu Hani ce. Ta zo ta zauna kusa da ni tana lallashi, wai kada in damu, ƙawayenta duk an kai su ba ƙulli kuma suna zaune lafiya. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa, amma ji na yi kamar ta yi mani ta'aziyyar wanda ban yarda ya mutu ba. Na ce mata ban ga gawa ba tukuna. Laka Abbas ya jawo, ba ruɓaɓɓen kara ba. In ba ta ƙasa, to ta tashi, abin da ya tashi kuma akwai inda ya sauka. Na bi masunta ɗaya-ɗaya na kwatanta masu ita, jan gindi da saiwa a kowace gaɓa. Wasu suna mani kallon wadda ruwa ya taɓa wa kai. Su kalla, ba a kansu nake kwana ba.

Ka gaida mutanen gida. Allah Ya mayar mana da alheri.

Ƙanwarka,
Baiwa


Makarantar kan tudu
Ran Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yafe gajeriyar gaisuwa, mai babur yana jirana a waje.

An gan ta. Tana raye. Abbas ne ya kawo mani kara ɗaya jiya, ina taɓa shi na san ita ce. Ruwa ya tumɓuke ta gaba ɗaya kamar tabarma, ya tsallake jigawa da ita, ta je ta sarƙe a jikin itatuwan giyayya. Tana kwance bisa ruwa, kanta ya ɗago, gaɓoɓinta sun fara fidda sabuwar saiwa fara tas.

To ka san a ina? A tsakiyar gonar Yari. Duk faɗin fadamar nan ba ta ga inda za ta sauka ba sai nan.

Gonar Yari ba a duba ta ba tukuna, ran Alhamis Taufiq zai je. Ka kuma san sharaɗin. In ya tarar da wani iri a ciki, kore shar, gonar ta fita, Yari ya tashi a tutar babu. Da labari ya kai masa ya zo nan makaranta yana huci, ya ce yau ɗin nan zai sa a sassare ta a tura wa gulbi. Na tare shi a gaban mutane, na tuna masa Baba ne ya koya wa ubansa kaifin lauje, na faɗi wasu maganganun ma da bai kamata in rubuta ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, ba da tsawa ba:

"Baiwa, ni gida nake ciyarwa, ba tarihi ba."

Gaskiya ya faɗa, Yaya. Da ni ce a wurinsa da ban san abin da zan yi ba.

Ban yi ɓoye-ɓoye ba, na je na sami Taufiq na faɗa masa komai. Ya ce shi ya yarda ruwa ne ya kawo ta, amma hoton da zai aika ofishinsu ba ya magana, abin da ke cikin gona ran dubawa shi za a gani. Ranar kuma ba zai iya ɗagawa ba, akwai tungaye da yawa da ke jiransa. Na koma wurin Yari na sauke murya na roƙe shi. Ya ba ni zuwa faɗuwar ranar Laraba, in ban kwashe kayana ba adda za ta yi aiki.

Mujtaba da Abbas sun gwada yau da safe. Sunka ɗaura mata igiya sunka ja, karan ya yi ta tsinkewa. Na ce su tsaya kada su ƙarasa ta. Na tambayi tsofaffin tunga, kowa ya ce ya ji ana yi, bai taɓa yi ba. Cikin waɗanda sunka taɓa jan shinkafa bisa ruwa da hannunsu, kai kaɗai ka rage.

Na san da gwiwarka, na san da shekarunka, ni ce ma na ce kada ka taso. Na janye. Kada ka rubuto mani yadda ake yi, ba takarda nake so ba, kai nake so. Motar safe tana tsayawa a Argungu, Abbas zai jira ka da jirgi a bakin gada. Rabin kwarin nan da ɗoriya naka ne, Riskuwa kuma kakanka ne kafin ya zama nawa.

Ina sauraren hanya.

Baiwa


Tungar Gawo, Argungu
Watan Disamba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina, Abdussamadu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ban gajiya, ko da yake ban gajiyar ta daɗe a hanya. Yaya ƙarfin jiki? Ni'imatullahi ta ce zazzaɓin ya sake ka amma gwiwar ta ƙi, yanzu sai da sanda, likita kuma ya ce da wuya ka ajiye ta. Ta faɗa mani wannan da muryar da na gane. Ba ta yi laifi ba, ni na jawo ka cikin ruwan sanyi wuni biyu. Ina jin nauyin abin a zuciyata kullum, ina kuma yi maka addu'a bayan kowace salla. Amma ba zan yi maka ƙaryar cewa da na sani ban kira ka ba.

Har yau matan tunga ba su daina labarinka ba. Yadda ka sauko daga jirgin Abbas da babbar riga da takalmi sau-ciki, ka dubi igiyar su Mujtaba ka ce wa ya koya masu jan shinkafa a wuya kamar akuya. Yadda ka sa anka zura dogayen gorori ta ƙarƙashinta, jirgi a dama jirgi a hagu, anka ɗauke ta kamar jinka, anka bi gefen jigawa inda ruwa ke komowa baya. An fi dariyar Yari, yana bakin gona yana ta ɗaga murya a yi sauri, kai kana juyowa kana ce masa madalla. Ni dai na ga ka zare na'urar ƙara ji daga kunnenka ka sa aljihu tun kafin ya fara, ban faɗa wa kowa ba. Da ya gaji da faɗan ai shi ya kawo nasa jirgin, wai don mu fita masa daga gona da wuri.

Ka tafi ba ka ga ƙarshen abin ba, bari in ba ka. Ka san wajen rabi ya ɓalle mana a mashigar jigawa ya bi gulbi. Wanda munka kai kwari munka kafe da turaku ya zauna. Da ruwa ya janye ta kwanta bisa laka, ta kama ƙasa ta gaɓoɓinta, ta miƙe ta fidda kai. Tsuntsaye sunka ce ga abinci, don duk fadama ita kaɗai ce tsaye. Ni da Ummu Hani munka tare a can da gwangwani da tsakuwa muna korarsu, amarya guda ta yi baƙi ƙirin, dangin ango har sun yi magana. Taufiq ya tarar da gonar Yari ba komai sai ruwa. An biya shi, an biya mu, an gyara katanga, an sayi abinci. Yari yana amsa gaisuwata yanzu, a taƙaice dai.

Abin da munka yanka bai taka kara ya karya ba. Da na sussuka na sheƙe na fidda marar ƙwaya, duka-duka bai cika ƙwaryar awo ba. Amma sabo ne, Yaya. Na jiƙa kaɗan a tsumma, kusan duka ya tsiro.

An yi biki ran Asabar, ba abin da ya rage sai kujerarka. Ummu Hani ta tafi gidanta can ƙetaren gulbi. Da na zo sa mata ƙullin cikin kaya, ita da ta ce ba komai, sai ta karɓe ta ce ba cikin akwati zai tafi ba, a hannunta zai tafi. Haka ta shiga jirgi da shi cikin mayafi. Mijinta yana da ɗan kwari a bayan garinsu, ya yi mani alkawari a gaban waliyyai.

Akwai maganar da ka faɗa mani cikin jirgi ran Laraba, muna riƙe da gora, ina jin ba ka ma san ta shige ni ba. Ka ce Baba ya gaya maka Riskuwa ba don kyautatawa kawai yake ba 'ya'ya mata iri ba. Yana lura da inda kowace za ta, wannan sama da gulbi, wannan ƙetare, wannan bayan tudu, don ya san ruwa ɗaya ba ya cin gari duka a shekara ɗaya. Gidan da ya rasa sai ya je ya karɓo wurin 'yar'uwa. Ni shekara da shekaru ina rungume da tulu ɗaya a ɗaki ɗaya ina ganin ni ce mai riƙon amana. Ba zan ƙara ba.

Don haka na raba shi uku. Ɗaya ya tafi da Ummu Hani. Ɗaya yana tuluna, zai shiga Kwarin Baba da ruwan farko in Allah Ya kai mu. Na riga na gaya wa Taufiq ya sake rubuta gonakin tudu baɗi, kwarin kuma ya bar mani shi a waje kamar bana. Na ukun shi ne wannan da direba zai miƙa maka tare da takardar ga.

Na Zakiyya ne. An kai ɗiyarka Gwadangaji ba ƙulli, lokacin duk mun ce 'yar birni me za ta yi da iri. To jinin Riskuwa ce ita ma, ruwan da ke cin Tungar Gawo kuma ba ya hawa Gwadangaji. Kada ka ce mani ba ta da gona. A yanka tsohon duro biyu, a cika da laka, a shuka da ruwan farko, a riƙa ƙara ruwa tafin hannu tafin hannu. Kai za ka tsaya mata a kai, tunda sanda ba ta hana mutum zama kan kujera yana ba da umarni, wannan kuwa ka fi kowa iyawa. Abin da ya fito a ajiye da toka, baɗin baɗi a sake shukawa. In wata shekara ruwa ya sake yi mani ba sallama, ƙofarku zan ƙwanƙwasa.

Ka dubi ƙyallen da kyau kafin ka ba ta. Na san za ka gane shi, gefen zanen Inna ne mai ratsin shuɗi, wanda ta ƙulla mani nawa a ciki. Na yaga shi uku.

Saura maganar tuwo. Na yi maka alkawari, ban cika ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunya ba bana, ni ma ban ɗanɗana ba. Ka gaya wa Ni'imatullahi da babbar murya, yadda ni nake gaya maka magana, cewa abin da ke cikin ƙullin nan ba na dafawa ba ne. Tuwonka sai baɗi. Ka sha maganinka, ka kula da gwiwar nan, ka jira ni, don da kaina zan kawo maka shi Gesse da zafinsa.

Mujtaba yana gaisuwa. Abbas ya ce a gaida Kawu mai jan shinkafa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya ja da ranka, Ya nuna mana kakar baɗi.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Baiwa